Tsukewar Jijiyoyin Jinin Hanji: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Magance Ta



  

Gabatarwa

An nemi in yi magana a wannan taro a kan wata cuta da ba kasafai ake jin ta a bakin mutane ba, wato tsukewar jijiyoyin da ke kai wa hanji jini. Kowa a zauren nan ya san hawan jini, ya san shanyewar ɓarin jiki, ya kuma ji labarin wanda ciwon zuciya ya kayar nan take. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, lalurar da ke toshe jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, ita ce dai takan toshe jijiyar hanji. Bambancin kawai, idan ta taɓa zuciya kowa yakan razana a garzaya asibiti, idan kuwa hanji ta taɓa sai a ce ai olsa ce, a aika yaro kemis.

Maganar da nake so kowa ya koma gida da ita guda ɗaya ce. Wannan cuta ba ta cika yin dirar mikiya ba. Sau da yawa takan yi watanni tana ba da sanarwa kafin ta kashe hanji. Wanda aka gane tasa a cikin waɗannan watanni yakan warke ya koma cin tuwonsa. Wanda kuwa aka bari har hanjin ya mutu, sai dai ƙoƙarin ceton rai. Tsakanin waɗannan mutum biyu, yawanci ba na'ura ce ta raba su ba, tambaya ce: an yi ta ko ba a yi ba.

Yadda jini ke isa hanji

Daga zuciya akwai wata babbar jijiya da ake kira awota, wadda ta ratso ƙirji ta gangaro ciki, tana bin gaban ƙashin baya. A cikin ciki, rassa uku ne suka fito daga gabanta domin ciyar da kayan ciki. Na sama, wanda likitoci ke kira siliyak, shi ke ba tumbi da hanta da saifa jini. Na tsakiya, wanda ya fito ƙasa kaɗan da shi, shi ke ɗauke da nauyin kusan duk ƙaramin hanji da sashen dama na babban hanji, kuma shi ne ya fi muhimmanci a maganarmu ta yau. Na ƙasa shi ne ƙarami a cikinsu, yana kula da sashen hagu na babban hanji har zuwa kusa da dubura.

Idan mutum yana zaune bai ci komai ba, kayan cikinsa sukan karɓi kusan kashi 25 cikin 100 na jinin da zuciya ke turowa. Da zarar ya ci abinci, buƙatar takan tashi zuwa wajen kashi 35, domin narkar da abinci aiki ne mai cin jini. A nan ne matsalar take ɓuya. Ku ɗauki magudanar ruwa a gonar noman rani wadda laka ta cinye rabinta. Da sanyin hunturu, ɗan ruwan da ke wucewa yakan ishi shuka, manomi ba zai lura da komai ba. Sai zafi ya shigo, shuka ta buƙaci ruwa da yawa, sannan za a ga ganye na yaushi. Haka jijiyar da ta tsuke take: tana isar hanji idan ciki babu komai, tana gazawa idan aka ci abinci.

Cikin hikimar Ubangiji, rassan nan uku suna da ƙananan hanyoyi da suka haɗa su da juna. Idan ɗaya ya tsuke sannu a hankali, waɗannan hanyoyi sukan buɗe su yi kauri, sauran biyun su cike giɓin. Saboda haka yawanci ba a ganin alamar ciwo sai biyu daga cikin ukun sun tsuke sosai, ko da yake akwai wanda tsukewar ta tsakiya kaɗai ke isa ta kwantar da shi. Wani bincike da aka yi a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, aka buga a 2004, ya duba jijiyoyin tsofaffi sama da 500 da suka haura shekara 65, ya sami kusan mutum ɗaya cikin shida yana da tsukewa mai yawa, alhali suna tafiyar da rayuwarsu lafiya ƙalau. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa idan mun zo maganar magani.

Abin da ke tsuke jijiyar

A cikin mutum goma masu wannan cuta, wajen tara dalilinsu ɗaya ne: kitse da ƙwayoyin kumburi da sinadarin kalsiyam suna taruwa a cikin bangon jijiya shekara da shekaru, bangon ya yi kauri ya yi tauri, ƙofar jini ta ragu. Yawanci a bakin jijiyar abin yake, daidai inda ta rabu da awota. Abubuwan da ke jawo shi sanannu ne. Shan taba ne kan gaba, sai hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a cikin jini, ciwon ƙoda, da tsufa. Mafi yawan masu cutar sun wuce shekara 60, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu. Da yawansu za ka tarar lalurar ta riga ta taɓa wata gaɓa: ko sun taɓa ciwon zuciya, ko ɓarin jiki ya taɓa shanyewa, ko kuma ƙafa na riƙe su idan sun yi 'yar tafiya sai sun tsaya sun huta.

Akwai wasu dalilai da ba su da yawa, waɗanda sukan sami masu ƙananan shekaru. Akwai cutar Takayasu, mai sa bangon manyan jijiyoyi kumbura, wadda ta fi kama 'yan mata da mata matasa. Akwai kuma yanayin da wata igiyar tsoka ta tantanin da ya raba ƙirji da ciki ke danne jijiyar sama daga waje, musamman lokacin fitar da numfashi. Waɗannan maganinsu daban ne, ba zan tsawaita a kansu ba.

Alamomin da cutar ke zuwa da su

A 1936, wani likitan fiɗa a birnin Boston mai suna J. Englebert Dunphy ya bi bayanan mutum 12 da suka rasu sakamakon toshewar jijiyar hanji. Ya gano cewa 7 daga cikinsu sun daɗe suna kukan ciwon ciki mai zuwa yana tafiya, tun kafin ranar da abin ya kayar da su. Daga wannan aiki ne likitoci suka fara fahimtar cewa ciwon cikin nan gargaɗi ne. Yau kusan shekara 90 ke nan, amma har yanzu ana yin irin wannan makara.

Bari in kwatanta muku yadda mai cutar yakan zo. A ɗauka wata dattijuwa ce mai shekara 68, tana da hawan jini da suga. Jikarta ta kawo mata tuwo da miyar kuka da daddare. Ta ci lafiya. Bayan minti 15 zuwa 30 sai wani ciwo ya taso mata daga ƙahon zuci zuwa kewayen cibiya, mai nauyi, mai murɗawa. Sai ta duƙunƙune a kan tabarma ta danne cikin da hannu. Bayan awa ɗaya, ko biyu, ko uku, ciwon ya lafa da kansa. Washegari haka, jibi haka. Nan da nan ta gane cewa gwargwadon yawan abin da ta ci, gwargwadon azabar da za ta sha, kuma abinci mai maiƙo ya fi wahalar da ita. Sai ta rage malmala zuwa rabi. Daga nan ta koma loma uku. Daga baya ta bar tuwo ɗungurungum ta koma kunu da shayi. Zanin da take ɗaurawa da kyar yanzu yana zagaye ta har ya yi saura, awarwaro yana zamewa daga hannunta. Wani lokaci ga gudawa, ga kumburin ciki, ga tashin zuciya.

Alamomi uku ke nan da suka fi fitowa: ciwo bayan cin abinci, tsoron abinci, da rama. A cikinsu wadda ta fi amfani ga likita ita ce ta tsakiya, kuma ita ce aka fi tsallakewa. 'Ya'yanta za su ce, "Likita, Hajiya ba ta cin abinci." Idan likita ya tsaya nan ya rubuta maganin buɗe ciki, ya yi kuskuren hanya. Abin da ya kamata shi ne ya juya wajenta ya ce, "Baba, abincin ne ba ya yi miki daɗi, ko kuwa kina sha'awarsa kina tsoron ci?" Mai ciwon daji yawanci sha'awar abincin ce ke ɗauke masa gaba ɗaya. Mai wannan cuta kuwa za ta ce, "Ɗana, yunwa nake ji kamar me, amma na san abin da zai biyo baya." Wannan amsa kaɗai ta isa ta sa a tuna da jijiya.

Abin da ya sa muke makara

A wajenmu, kusan duk ciwon da ya taso a saman ciki sunansa olsa. Ba laifin jama'a ba ne, domin gyambon ciki yana da yawa, ƙwayar cutar da ke haddasa shi ma ta yaɗu ƙwarai a ƙasashenmu. Sai mutum ya shekara yana shan omefirazol da ruwan maganin olsa, yana ƙaurace wa yaji da tsami, ba sauƙi. Idan rama ta yi yawa sai zargi ya shiga: wani ya ce ƙanjamau ne, wani ya ce daji ne, wani ya ce an yi masa sammu, a bar asibiti a shiga jiƙe-jiƙe.

Akwai abubuwan da za su taimaka wajen rarrabewa. Gyambon da ke farkon hanji ya fi ciwo idan ciki babu komai ko da tsakar dare, abinci kuma yakan kwantar da shi. Ciwon jijiya akasin haka ne. Ga mu da muke azumi, watan Ramadan kan fito da wannan fili: mai ciwon jijiya yakan wuni da sauƙi, sai bayan buɗe-baki abin ya taso masa. Amma kada a ɗauki wannan a matsayin hukunci, domin gyambon tumbi shi ma yakan yi ciwo bayan cin abinci, haka tsakuwar matsarmama, haka dajin tumbi, haka tarin fuka idan ya kama hanji, wanda shi ma ba baƙo ba ne a wajenmu. Har ila yau, ƙarancin jinin da kansa yakan haifar da gyambo a tumbi, irin wanda ba ya jin magani. Don haka ƙa'idar da nake ba ƙannena ma'aikatan lafiya ita ce: duk dattijon da aka yi wa maganin olsa yadda ya kamata bai warke ba, kuma yana ci gaba da ramewa, kada a sake rubuta masa maganin nan a karo na uku. A tura shi gaba.

Yadda ake bincike

Bincike yana farawa da hannu da kunne. A auna nauyin mutum a rubuta, a kwatanta da na baya. A taɓa ciki, wanda yawanci za a ji shi da laushi, ba ƙari, ba wurin da ke zafi sosai. A ɗora abin sauraro a saman cibiya, domin wasu akan ji ƙarar jini na kutsawa ta wurin da ya tsuke, kamar huci. Rashin jin wannan ƙara ba ya kore cutar. A taɓa bugun jini a ƙafafu da wuya, a saurari zuciya a ji ko bugunta na tafiya daidai.

Bayan haka dole a kawar da cututtukan da suka fi yawa. Akan zura bututu mai kyamara ta baki a duba tumbi, wani lokaci kuma ta dubura a duba babban hanji, a yi sikanin na hanta da matsarmama, a yi gwajin jini. Babu wani gwajin jini da zai ce ga wannan cuta, amfaninsa shi ne nuna halin da ƙoda da suga da yawan jini suke ciki.

Sannan a duba jijiyoyin kansu. Hanya mafi sauƙi da araha ita ce sikanin mai auna gudun jini, wanda ake kira dofla. Ana so mutum ya zo da safe bai karya ba, domin abinci yana canza gudun jinin, iskar hanji kuma tana rufe hoto. Mai sikanin zai ɗora na'urar ƙasa da ƙahon zuci, ya nemo awota, ya bi ta har ya ga inda rassan suka fito. Jini idan ya zo wurin da ya tsuke yakan ƙara gudu. Likitocin jihar Oregon a Amurka sun fitar da ma'auni a farkon shekarun 1990 da har yanzu ake amfani da shi: idan gudun ya kai santimita 275 a daƙiƙa a jijiyar tsakiya, ko 200 a ta sama, to alama ce tsukewar ta kai kashi 70 cikin 100 ko fiye. Wannan aiki yana buƙatar gwanin hannu, ba kowane mai sikanin ne ya saba da shi ba. Abin da ke taimakawa shi ne, masu cutar yawanci sun rame, don haka jijiyoyin ba su da wuyar gani.

Hoton da ya fi tabbatar da magana shi ne na siti sikan wanda ake yi da allurar ruwan da ke haska jijiyoyi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi yakan nuna rassan uku, da wurin da ya tsuke, da tsawonsa, da hanyoyin da jini ya buɗe wa kansa, ya kuma nuna idan akwai wani ƙari da ya ɓuya. Abokan aiki, a nan akwai abin lura. Siti sikan na ciki na yau da kullum yana iya tsallake cutar. Sai an rubuta a takarda ƙarara cewa jijiyoyin hanji ake nema, domin mai ɗaukar hoto ya daidaita lokacin allura da lokacin ɗauka. A kuma duba lafiyar ƙoda kafin a yi, saboda ruwan allurar yana iya wahalar da ƙodar da dama ta raunana. Manyan asibitocin koyarwa da wasu cibiyoyin hoto a manyan biranenmu suna da wannan na'ura, don haka gano cutar bai fi ƙarfinmu ba.

Sai abubuwa uku sun haɗu sannan likita zai ce ga cutar: labarin mara lafiya ya yi daidai, hoto ya nuna tsukewa mai yawa, kuma an duba ba a sami wani dalili ba.

Yadda ake magani

Ku tuna tsofaffin nan na Karolina ta Arewa da jijiyarsu ta tsuke amma suna lafiya. Irinsu, idan an ci karo da tsukewar a hoton da aka ɗauka don wani dalili, yawanci ba a taɓa jijiyar. Abin da suke buƙata shi ne su bar taba, a daidaita hawan jini da suga, a ba su maganin rage kitsen jini da asfirin idan likita ya ga ya dace, a riƙa bibiyarsu. Mutum ake yi wa magani, ba hoto ba.

Amma wanda ciwo ya kama yana ramewa, ƙwaya kaɗai ba za ta fisshe shi ba. Dole a buɗe wa jini hanya. Kuma ba daidai ba ne a ce bari a jira ya yi ƙiba ya yi ƙarfi tukuna, domin ba zai yi ƙiba da hanjin da ba ya samun jini ba, tilasta masa cin abinci da yawa ma yana iya jefa hanjin cikin haɗari.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko a tarihi ita ce tiyatar buɗe ciki. A 1958 likitoci biyu a Boston, Shaw da Maynard, suka ba da rahoton nasarar buɗe jijiyar tsakiya da kankare abin da ya toshe ta. Yau abin da aka fi yi a wannan tiyata shi ne a yi wa jini sabuwar hanya: a ɗinka bututun roba na musamman, ko jijiyar da aka ciro daga cinyar mara lafiyan, daga awota ko daga jijiyar ƙugu zuwa gaban wurin da ya toshe. Wannan aiki yana da ƙarko, yakan yi shekaru bai sake toshewa ba. Sai dai babban aiki ne a jikin tsoho ramamme mai raunin zuciya, yana buƙatar ɗakin kulawa ta musamman da kwanaki a gadon asibiti.

Hanya ta biyu ita ce bi ta cikin jijiya ba tare da yanka ciki ba. A birnin Zurich na ƙasar Suwizalan aka fara ba da rahoton buɗe jijiyar hanji da balan-balan a 1980, a asibitin da Andreas Grüntzig ya fara yin haka ga jijiyar zuciya a 1977. Ga yadda ake yi yanzu. Mara lafiya yana kwance, sau da yawa idonsa biyu. A yi masa allurar kashe zafi a matsematsin cinya ko a hannun hagu. Wasu likitocin sun fi son hannu, saboda jijiyar tsakiya ta fito ne tana kallon ƙasa, shigarta daga sama ya fi sauƙi. A huda jijiya da allura, a zura siririyar waya, likita yana kallon tafiyarta a allon hoto har ta isa bakin jijiyar da ta tsuke. Ya lallaɓa ya ratsa da ita ta 'yar ƙofar da ta rage. A bisa wayar nan sai a turo wata 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent, a naɗe a jikin balan-balan. Idan ta zauna daidai, sai a hura balan-balan ɗin, ragar ta buɗe ta manne da bangon jijiya, faɗinta yawanci milimita 6 ko 7 ne. A sace iskar, a zare komai, ragar ta zauna. Sai a sake tura ruwan allura, a ga jini ya cika rassan da ɗazu ba a ganinsu. Da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu sukan fara cin abinci ba ciwo, a sallame su.

Saboda sauƙinta, ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka a jagorarta ta 2021 ta karkata ga a fara da wannan hanya ga mafi yawan marasa lafiya, kuma jijiyar tsakiya ce ake fara nema. Rauninta shi ne ragar takan sake tsukewa. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2024, ya nuna cewa bayan shekara biyu, ragar da aka lulluɓe da wani siririn tantani ta zauna a buɗe a wajen mutum 8 cikin 10, wadda ba a lulluɓe ba kuwa wajen rabi ne kawai. Tiyatar buɗe ciki tana nan da amfaninta, ga wanda toshewarsa ta yi tsawo ko ta yi taurin da waya ba za ta ratsa ba, ga wanda raga ta gaza masa, da kuma mai sauran ƙarfi da shekaru a gaba.

Ko wacce aka yi, aiki bai ƙare a ɗakin tiyata ba. Za a ci gaba da shan maganin hana jini daskarewa da na rage kitse, a riƙa dawowa sikanin lokaci-lokaci. Wanda ya koma wa taba, ya sani da hannunsa yake rushe abin da aka gina masa. Idan ciwo ya dawo, a dawo asibiti a ranar.

Ba zan ɓoye muku ba, likitocin fiɗar jijiya da masu aikin sa raga ba su da yawa a ƙasashenmu, kayan aikin kuma suna da tsada. Wannan ne ma ya sa gano cutar da wuri ya fi zama wajibi a kanmu. Wanda aka gane tasa da sauran lokaci yana da damar a nemi inda ake aikin, dangi su haɗa abin da za su haɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan jijiyar ta toshe farat ɗaya

Wannan shi ne abin da duk maganar nan take ƙoƙarin hanawa. Yakan faru idan jini ya daskare a kan wurin da dama ya tsuke, musamman idan mutum ya rasa ruwa a jiki saboda gudawa ko amai. Yakan kuma faru ga wanda jijiyarsa lafiya take, idan gudan jini ya ɓalle daga zuciya ya gangaro ya maƙale a jijiyar tsakiya. Masu bugun zuciya marar tsari, da waɗanda ƙofofin zuciyarsu suka lalace tun ƙuruciya, da masu raunin zuciya, ciki har da ciwon zuciyar masu jego da likitocin Zariya suka yi rubuce-rubuce a kansa tun shekarun 1970, duk jini yana iya daskarewa a cikin zuciyarsu. Gudan nan yana iya tafiya ƙwaƙwalwa, ko ƙafa, ko hanji.

Alamarsa ita ce ciwon ciki mai tsanani da ya zo nan take, sau da yawa tare da amai ko zawo. Abin da ke ruɗar ma'aikaci shi ne, mutum yana birgima yana ihu, amma idan ka danna cikin sai ka ji shi da laushi. Ciwon ya fi abin da hannu ke ji nesa ba kusa ba. Wannan rashin daidaito shi kansa alama ce. Kada a jira ciki ya yi tauri ko a ga jini a bayan gida, domin a lokacin hanjin ya riga ya mutu. Gwajin jini ma yana iya fitowa lafiya a sa'o'in farko. Hanji ba ya jure rashin jini fiye da 'yan sa'o'i, wajen awa 6 ɓarnar da ba ta gyaruwa takan fara. Idan aka makara, fiye da rabin masu wannan hali ba sa tashi.

Abin yi shi ne ƙarin ruwa, allurar hefarin mai hana jini daskarewa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, hoton jijiya cikin gaggawa, sai ɗakin tiyata. A fara dawo da jini, sannan a yanke sashen hanjin da ya mutu. Sau da yawa akan sake buɗe cikin bayan awa 24 zuwa 48 a duba abin da aka bari. Wanda aka yanke wa mafi yawan ƙaramin hanjinsa, har abin da ya rage bai kai mita 2 ba, yana iya shiga wahalar gudawa da rashin riƙe abinci har ƙarshen rayuwarsa.

Kammalawa

Ga iyayenmu da masu jinyarsu: idan tsoho a gidanku ya fara gudun abinci yana ramewa, ku zauna ku tambaye shi dalili, ku lura da lokacin da ciwon ke zuwa, ku gaya wa likita haka dalla-dalla. Idan an ce olsa ce, an sha magani ba sauƙi, ku koma ku nemi a duba jijiya. Mai ciwon zuciya da aka ɗora kan maganin hana jini daskarewa kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi, kuma idan ciwon ciki mai tsanani ya same shi farat ɗaya, a nufi babban asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Ga abokan aikina na ƙananan asibitoci, ku ne kuke fara ganin waɗannan mutane. Ku ajiye sikeli a ɗakin duba marasa lafiya, ku riƙa rubuta nauyi a kati. Ga hukumomi da masu hannu da shuni, muna roƙon a tura matasan likitocinmu su koyo fiɗar jijiya da aikin sa raga, a kuma horar da masu sikanin da muke da su a kan auna gudun jinin hanji, domin wannan na biyun na'urarsa tana nan a asibitoci da dama, koyarwa kawai ake buƙata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa iyayenmu tsawon rai mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.